Attajiri da Tsingaron Kakansa

Zauna ka ji wannan, kai da kullum kake son a ce da kai ɗan wane. A wata tsohuwar unguwa cikin birni an yi wani attajiri da ya ƙwallafa rai a kan sarautar mai unguwa. Hujjarsa ɗaya ce, wai shi jinin sarauta ne, a gidan kakanninsa ake ciyar da rabin gari. Alhali ya sani sarai kakan babansa tukwane yake ginawa. Tsabar son ɓad da sawu, har wata tsohuwa maginiyar tukwane da ke kasa kayanta a ƙofar gidansa ya kora, ya ce ba ya son ganin masu wasa da laka. Ana nan sai ya rushe gidan gado zai ta da bene. Leburori ba su yi nisa da haƙa ba sai ga tsingaro tuli guda. Gogan naka sai murna, shaida ta fito! Ya gayyato masu binciken kayan tarihi daga jami'a, ya tara dattawan da za su zaɓi mai unguwa, a zo a ga tukwanen da aka yi wa gari tuwo a cikinsu.

Malaman suka wanke, suka jera a tabarma, suka ce kayan sun haura shekara ɗari, sai dai babu ko ɗaya mai baƙin murhu a gindi, wasu sun karkace, wasu sun manne da juna. Tsohuwar nan ta matso daga bayan taro, ta ɗauki guda ta jujjuya. "Alhaji, ai waɗannan ba su taɓa hawa murhu ba. Waɗanda suka lalace wajen gashi ne, mu ma haka muke binne namu. Allah Ya jiƙan mai hannun nan, gwani ne." Ba da gatse ta faɗa ba, abin da ya fi ƙona shi ke nan. Wallahi kunya ta rufe shi, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya kasa ɗaga ido ya dubi tsohuwar, ya kuma kasa cewa amin ga addu'ar da aka yi wa kakansa. Dattawa suka sa takalmansu ɗaya bayan ɗaya, sarauta ta tafi wani gidan. Da ya ce shi jikan magini ne, wa zai ƙi shi? Shi ya sa Hausawa suka ce ramin ƙarya ƙurarre ne.