Fim ɗin Kausar

Kausar ba ta buɗe baki ta karɓi kunu sai an kunna mata fim ɗinta. Tun da gubar dalma ta shiga ƙauyensu Dareta ta kashe uwarta Saude, ita kuma ta tafi da ganinta da maganarta, haka kakarta Inna Tabawa ke ciyar da ita: waya a kunne, ludayi a baki.

Fim ɗin Indiya ne mai fassarar Hausa, amma kwafin abin tausayi ne. Hoto na rawa, sauti na shaƙewa, ga hayaniyar mutane a ciki. Wannan ya tsaya wa baffanta Hayatu a rai. Ɗan kabu-kabu ne a Bukkuyum, mai son a ce ya iya waya. Ya ce marainiyar Allah ba za ta ƙare da wannan tarkace ba, shi zai samo mata garau.

Ya zare memorin da fim ɗin ke ciki, ya sa a wayarsa, ya nufi Anka inda sabis ke kamawa. Shafi ya jefa shi wani shafi, kowanne da jan maɓalli yana rantsuwar fim ɗin na nan kyauta. Hayatu ya yi ta dannawa. Can wayar ta ɗau zafi, ta yi ɗif.

Mai gyara ya duba ya ce ƙwayar cuta ta cinye komai, sai dai a wanke memorin. Hayatu ya ce a wanke. Da ya faɗi labarin fim ɗin, mutumin ya gane shi, ya tura masa sabo fes. Ya koma Dareta yana jin kansa.

Aka kanga wa Kausar waya a kunne. Ta kasa kunne, ta jira, ta jira, sannan ta kau da kai. Kunu ya huce. Washegari ma haka, har wuyanta ya fara langaɓewa. Tsoro ya kama Hayatu, ya rantse wa Inna fim ɗin ne sak, ba abin da aka cire sai hayaniya.

Inna ta ajiye ludayin, ta dube shi ta ce:

"Wa yac ce maka fim taka saurare? Saude tad ɗauko shi da wayatta, daga talabijin ɗin maƙwabta, tana kallo tana dariya. Hayaniyag ga da ka wanke, muryar uwatta ce."