Labulen Hajiya Zinariya

"Sunayen ɗalibaina ba za su zauna wuri ɗaya da na 'yan acaɓa ba," in ji Hajiya Zinariya, mai makarantar 'yan mata ta hanyar Kiyawa.

Da Ziyad take magana, mai ajiye wa makarantarta shafin intanet. Mako uku ya kwashe yana tsara babbar kwamfutar da ke riƙe da shafukan intanet na masu hulɗa da shi, har da ƙungiyar 'yan acaɓa, kowa da ɓangarensa da kalmar sirrinsa. Ya yi mata bayani dalla-dalla, har da zane. Ya san idan ta janye, sauran makarantun Dutse za su bi ta.

"Ɗan nan, akwati ɗaya nake gani. Turancinka ba katanga ba ne."

Washegari da ta dawo, don tsabar takaici, ya buɗe murfin akwatin kwamfutar ya rataya ɗan ƙyalle a tsakiya, ya tsaya yana jiran ta gane ba'a ce.

Hajiya ta gyara tabarau, ta leƙa, ta daɗe tana dubawa.

"Yawwa, yanzu ka yi aikin masu ilimi," ta ce. "Sai dai yadin ya yi shara-shara. Ka ninka shi biyu."