Tsarabar Liman

Jami'in kwastan a filin jirgin Doha ya ɗaga kwalbar, ya dubi Alhaji Usaini.

"Ruwan inabi ne, tsarabar limaminmu," in ji Usaini, yana hura hanci.

Da ma gudun mashayan Kofin Duniya ya fitar da shi daga garin, inda yake zaune. Ya tafi yawon buɗe ido gonakin inabi na bakin teku a ƙasar waje, inda Turawa masu karamci suka yi ta ba shi ɗanɗano. Bai taɓa barci mai daɗi haka ba.

"Ka sha wannan?" in ji jami'in.

"Da shi nake buɗa-bakin Litinin da Alhamis."

Jami'in ya ajiye kwalbar a hankali.

"Giya ce, ya Hajji. Mashayan da ka guje wa kuwa, a filin wasa ruwa suka sha."