Bajon Kasuwar Woolwich

Ina shekara tara kuɗin man fetur ya kai Baba karatu Landan, ya tafi da mu. Ranar Babbar Sallah Inna ta aike ni da kwanon nama wurin tsohuwar Bayahudiyar da ke zaune a ƙasan benenmu. Na tafi ina taƙama da bajon da na saya a kasuwar Woolwich, baƙi mai zanen walƙiya biyu.

Tana ganin bajon, kwanon ya suɓuce mata. Ta naɗe hannun riga, sai ga lambobi shuɗɗa a fatarta.

Na hau sama a guje. "Baba, ashe Turawa ma suna tsaga?"

Ya fizge bajon har rigar Sallata ta yage. "Tsagar me! Masu alamar nan, dakarun Jamus na yaƙin duniya na biyu, su suka buga mata lamba kamar saniya, suka ƙone 'ya'yanta. Sauka ki durƙusa."

Na durƙusa. Ita ta ɗaga ni.

Ban taɓa riƙe Baba ba. Wanda har gobe ban yafe wa ba shi ne Baturen nan mai furfura da ya sayar mini. Ya ga yaƙin, ya san alamar, ya maƙala mini da hannunsa yana murmushi.