Ranar Da Sandar Ta Faɗi

Ana tsakiyar naɗar kiɗan fim a Los Angeles hannun jagoran makaɗa ya sage, 'yar sandar da yake jan kiɗan da ita ta faɗi. Shi ya tsara kiɗan, shi ke jan makaɗan nan tun gashinsa na baƙi. Ya tsaya jiran komai ya wargaje.

Ko gezau ba su yi ba. Suka kai ƙarshe lafiya lau, idanunsu na kan babbar mai goge.

Daraktan fim ɗin ya kwarara ihu, "Tsoho mai ran ƙarfe!"

Jagoran ya matso kusa da mai gogen. "Tun yaushe suke bin ki?"

Ta sunkuyar da kai. "Tun da kunnenka ya yi nauyi, Maigida. Tsoro muka ji kada su sallame ka."

Ya ƙura wa leɓɓanta ido.

"Me kika ce?"