Jan Zare da Hannun Jatau

Kai Alhaji, tun ɗazu nake jin ka da "ni na yi, ni na yi". To gyara zama in ba ka wani misali.

A wata ƙasa, zamanin da 'yan ƙasa suka shiga daji suna yaƙin korar Turawan mulkin mallaka, an yi wani masaƙi ana ce masa Arzika. Masaƙarsa tana gindin wani durumi, daidai inda hanyar barikin soja ta rabu biyu, ɗaya ta nufi rafi, ɗaya ta nufi dutse. In ka gan shi sai ka ce bawan Allah, ko kai ba ya ɗagawa daga kan saƙa. Alhali kuwa shi ne idon mutanen daji. Sojan nan suna da wata al'ada: kafin su fita kai hari, sai sun tura 'yan dako da kayan abinci tun ana gobe. In Arzika ya ga 'yan dako sun bi hanyar rafi, sai ya jefa jan zare a cikin farar saƙarsa. In hanyar dutse ce, baƙin zare. Wata mai tallan nono takan zo ta sayi ƙyallen, ta naɗe shi gammo, ta aza ƙwaryarta, ta bi ta gaban masu gadi ta wuce abinta wurin mutanen daji. Soja su isa, su tarar an tashi, har toka ta huce. Arzika ya sani sarai, ran da aka gane shi, igiya ce a wuyansa.

Daura da shi akwai wani maƙeri, Jatau, kuma ba sa ga maciji da juna. Hayaƙin maƙera yana ɓata wa Arzika farin zare, Jatau kuwa bakinsa ba linzami. Da Turawa suka lura daga mararrabar nan labari yake fita, ba su yi wata-wata ba suka sa wa maƙera ido, don ai maƙeri ke ƙera bindiga. Shi kuma Jatau, maimakon ya kama kansa, ina! Soja na wucewa sai ya canja bugun masaba, ya buga ya tsaya, ya buga ya tsaya, kamar mai aika saƙo. Manomi ya zo gyaran fartanya, sai ya ja shi gefe yana raɗa masa magana a kunne. A zo a birkice maƙera, ba a samu komai ba, a mare shi a tafi. Arzika yana gani yana cizon yatsa, yana cewa a ransa wannan wawan sai ya jawo mana bala'i.

Ran nan, da hantsi, wani saje mai ido kamar na shaho ya zo ya tsaya a kan Arzika. Ya sa sanda ya ɗago saƙar, ya ƙura wa jan zaren ido, ya ce me ya kawo ja a cikin fari, ga shi ba ado ba, ba tsari ba? Wayyo Arzika! Ya buɗe baki ke nan bai san abin da zai fito ba, sai aka ji maƙera ta ɗauka kamar ana kiɗan yaƙi. Kafin a waiga, ga Jatau ya fito ta baya a guje, da buhu a kafaɗa. Saje ya saki saƙa ya busa usur. Suka cim masa a bakin kwata, suka zazzage buhu, ba komai ciki sai gawayi. Haushi ya sa suka ɗora hannunsa na dama a kan uwar maƙera, suka ragargaza shi da gindin bindiga, suka kai shi kurkuku. Kafin azahar mai nono ta zo ta sayi gammonta.

Da aka sauke tutar Turawa, asirin masaƙa ya fito, gari ya ɗauka da yabon Arzika. Har maroƙa suka sa shi a baki, shi ma ya fara jin kansa. Jatau kuwa ya dawo da shanyayyen hannu, ba mai ko tambayarsa. Arzika ya leƙa don ya yi masa sannu, irin sannun da ake yi wa wanda ya jawo wa kansa. Jatau ya dube shi ya yi dariya, ya ce, "Ja rafi, baƙi dutse. Kai Arzika, kana tsammanin hayaƙi ya makantar da ni ne? Kai ke da saƙo, ni ba ni da komai sai surutu. To na ba da surutun."

Sai a lokacin Arzika ya gane. Ya durƙusa a cikin tokar da yake ƙyama, ya kama hannun nan da ya mutu ya ɗora a kansa, yana kuka kamar yaro, yana cewa, "Ashe wuyana a hannunka yake! Allah ya saka maka, Jatau." Daga ranar tukunyar gidajensu ta zama ɗaya. Kowace Salla sai ya saƙa masa riga kafin ya saƙa tasa. Kuma duk wanda ya zo yabonsa, sai ya kama hannunsa ya kai shi maƙera, ya ce ya fara gaida mai gida.

To ka ji, Alhaji. In ka ga ka yi aiki ka tsira da kanka, waiga ka duba, wataƙila wani ne ya tare maka duka. Turawan nan har suka bar ƙasar ba su san inda aka yi musu sakiyar ba. Gaskiyar Hausawa ne da suka ce, ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.