Idanun Mai Daddawa

Likitan ya kashe 'yar fitilarsa ya ce, "Inna, ƙwayar idonki lafiya lau. Ciwo ne dangin maƙoƙo, ya kumbura naman da ke juya idanun, ya turo su waje. Akwai magani."

Tsohuwar ba ta yi murna ba. Wata bakwai ke nan idanunta suka firfito, in ta juya su kamar ana jan jijiya da ƙugiya. Tun daga nan daddawarta ta daina ƙarewa a kasuwar Ƙarfi. In ta ratso, mata sai su janye 'ya'yansu. Shekaranjiya jikarta ta kwanta da zazzaɓi, ɗanta na cikinta ya tare ƙofar ɗakin, ya hana ta shiga.

Likitan ya miƙo takardar magani. Ta cafke hannun rigarsa.

"Ɗan nan, ciwon zan iya jurewa. Don Allah rubuta mini wata, ka buga hatimi, in kai wa ɗana. Ka ce uwarsa ba mayya ba ce."